Yadda Kwamfuta Ta Koyi Yin Sallama Da Ma'ajiyarta



A farkon watan Fabrairun 2024 na tafka wata ɓarna da hannuna wadda har yau in na tuna sai na ji kunya. Kun san halin da muke ciki a lokacin. Tun watan Agustan 2023 Nijeriya ta katse lantarkin da take turo mana saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, kuran ya koma baƙo a Birnin Ƙonni, ya zo ba sallama ya tafi ba sallama. Ga shi kuwa ƙarshen zangon farko ne, ana jiran makin ɗalibai a cika takardun sakamako. Wani dare wuta ta zo, na ruga makaranta na kunna tsohuwar kwamfutar ofis, na shiga zuba makin azuzuwana huɗu a cikin ɗan kilen da nake rataye da shi tare da makullin babur. Ina gab da gamawa sai na ga ƙwan fitila yana lumshewa. Na danna ajiya, kuma ban jira komai ba na fizge kilen, wai don kada ɗaukewar wuta ta lalata shi.

Washegari da na soka shi a wata na'urar, sai ta ce ba ta san shi ba, sai dai in yarda ta wanke shi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Wani tsohon ɗalibina da ke gyaran waya kusa da tasha shi ya hana ni ƙarasa ɓarnar. Ya ce, "Mushe, kada ku yarda ku wanke shi. Kayan na ciki, rajistar ce ta yage." Ya ceto mini makin aji biyu. Sauran biyun sai da na kwana uku ina kwafe su daga littafin maki na takarda, wanda Allah Ya sa ban jefar ba. Da na jefar, da yara sama da ɗari sun shiga zango na biyu ba su san matsayinsu ba, da kuma iyaye sun zo tambaya ban da abin ce musu.

Maganar yaron nan ta rajista ita ta tsaya mini a rai. Na shiga bincike a kan abin da ya sa na'ura ke bukatar a yi mata sallama kafin a cire mata ma'ajiya, sai na tarar da tarihi na kusan shekara saba'in. Shi nake so in ba ku a taƙaice, domin yau babu gidan da ba a ajiye wani abu mai daraja a katin waya ba.

Masussuka da rumbu

Duk wanda ya taso a ƙauye ya san hatsin da ke masussuka bai zama ajiya ba tukuna. Ruwan bazata ko awaki na iya gamawa da shi. Sai ya shiga rumbu hankali ke kwanciya. Kwamfuta ma haka take. Tana da wurin aiki mai sauri wanda ke mance komai da zarar wuta ta ɗauke, tana kuma da ma'ajiya mai nawa wadda ke riƙe abu ko babu wuta.

Faifan ajiya na farko kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da shi a 1956, tare da na'urar da ake kira RAMAC. Faya-fayai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin abin ya kai wajen tan guda, amma haruffa kusan miliyan 5 kawai yake ɗauka. Hoto ɗaya ko biyu na wayar yau sun isa su cika shi. A wancan zamani babu mai tunanin cire ma'ajiya ana cikin aiki, don ko ƙarti huɗu ba su ɗaga ta.

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina babbar manhajar Unix a ɗakunan binciken Bell. Babbar manhaja ita ce uwar gida a cikin na'ura, ita ke raba aiki tsakanin allo da madannai da ma'ajiya. Ita kuwa ba ta jin yaren kowace na'ura, sai ta hannun wata ƙaramar manhaja mai aikin tafinta. Masu gyara na wajenmu pilot suke ce mata, na tsallaken iyaka kuma direba. Da yake faifai na da nawa, Unix ba ta kai kowane rubutu rumbu nan take. Takan tara shi a masussuka, ta ce wa mai aiki an gama, sa'annan duk bayan daƙiƙa 30 ta kwashe abin da ya taru. Wannan dabara ta ƙara sauri ƙwarai, amma ta haifar da ƙa'ida: kafin a kashe na'ura ko a cire faifai, dole a ba da umarni a kwashe abin da ya rage, a kuma kwance faifan daga jikin manhaja. Asalin sallamar da na ƙi yi ke nan.

Ga kuma maganar rajista. Ma'ajiya ba ta jera fayil wuri guda kamar buhu. Yanka shi take gunduwa-gunduwa ta zuba duk inda ta sami gurbi, sai ta rubuta a wani jadawali cewa gunduwa ta farko tana nan, ta biyu tana can. Tsarin da yawancin kile da katin waya ke amfani da shi, wanda ake kira FAT, asalinsa tun 1977 ne. In aka fizge ma'ajiya daidai lokacin da ake gyara jadawalin, kaya na nan amma ba mai sanin inda suke. Kamar rumbun tsimin gari ne da littafin mai tsaronsa ya faɗa rijiya: buhuna na nan jibge, sai dai ba a san na wa da na wa ba.

Zamanin soka ka yi addu'a

Da faifan filofi ya fito a 1971, ma'ajiya ta zama abin sawa a jaka, hannun mutum kuma ya zama babban haɗari. Kamfanin Apple ya ga haka, sai a 1984 ya fito da Macintosh babu maɓallin fitar da faifai. Sai ka roƙi manhaja, ita kuma ta gama rubutunta sa'annan ta tofo maka shi. Mutane sun yi ta ƙorafi, amma hikima ce.

A sauran kwamfutoci kuwa wahalar wata ce daban. Wanda ya taɓa buɗe cikin irin tsofaffin na'urorin da aka riƙa kawo wa makarantunmu kyauta zai tuna wata faffaɗar waya mai kama da ɗamara, wadda faifai biyu ke rabawa. Sai an matsa wani ɗan ƙarfe a bayan kowanne an nuna wane ne babba wane ne ƙarami, in ba haka ba su biyun su ƙi aiki. Windows 95 ta zo da alkawarin cewa soka kawai za ka yi na'ura ta gane da kanta. Abin ya riƙa cin tura har masu gyara suka canza masa suna zuwa soka ka yi addu'a.

A watan Janairun 1996 kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM, suka fito da ƙa'idar USB, wato kafar da muke soka kile a yau. Wannan ta ba kowa damar sokawa da zarewa na'ura tana kunne, abin da manhajojin lokacin ba su shirya masa ba. A watan Afrilun 1998, a wani babban bajekoli a birnin Shikago, Bill Gates na tsaye gaban jama'a ana nuna Windows 98, ma'aikacinsa ya soka na'urar ɗaukar hoton takarda, nan take allo ya koma shuɗi, kwamfuta ta sume, ɗaki ya ɗauki dariya da tafi. Ni da na ga hoton bidiyon sai na ɗan sami sauƙi a raina: ashe ba ni kaɗai ba ne.

Kilen kansa a shekarar 2000 ya shigo kasuwa, wanda IBM ta fara sayarwa megabait 8 yake ɗauka. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsa kuwa Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Ƙaramin katin da muke sa wa waya, wanda ake loda wa wa'azi da waƙa da fim a kasuwannin Ƙonni da Galmi da Badagishiri, a 2005 ya samu sunansa na microSD.

Wa ya dogara da wa?

A nan ne tarihin ya fi ba ni sha'awa. Ashe fayil ɗin makin ɗalibaina a kan bene mai hawa da yawa yake zaune. Manhajar lissafi ta dogara da jadawalin rajista, jadawalin ya dogara da yankin da aka ware a ma'ajiya, yankin ya dogara da tafintan kile, shi kuma ya dogara da tafintan kafar USB, kafar ta dogara da allon uwa da wuta. Mu mutanen Ƙonni mun san irin wannan a fadamar noman rani: ruwa daga madatsun Mozage da Zango, ya biyo babbar hanya zuwa matarar Cerasa, daga nan ya rarrabu zuwa gonaki. Mai albasa a ƙarshen layi bai taɓa ganin bakin madatsa ba wataƙila, amma ran da aka rufe ta ba a gaya masa ba, shi zai fara kuka.

Matsalar da injiniyoyi suka fuskanta ita ce, babbar manhaja ba ta riƙe da cikakken lissafin wa ya dogara da wa. Kowane tafinta gaban kansa yake ci. Da kwamfutar tafi-da-gidanka ta yawaita, ana so a rufe murfi ta yi barci a buɗe ta farka, sai asiri ya tonu: in aka kashe kafa kafin faifan da ke jikinta ya gama rubutu, an yi asara.

A manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, an magance wannan a siga ta 2.6 da ta fito a watan Disambar 2003. Patrick Mochel da Greg Kroah-Hartman na cikin waɗanda suka yi aikin. Suka jera duk na'urorin da ke cikin kwamfuta kamar bishiyar zuri'a, kowace da uwarta. Ƙa'idar mai sauƙi ce: wajen kwanciya ƴaƴa ke fara barci sa'annan uwa, wajen tashi uwa ke fara farkawa. Haka ake rushe rumbu ma. A sauke jinka, a kwashe hatsi, a fasa jiki, duwatsun ƙasa su ne na ƙarshe. Ba a taɓa fara zare duwatsu hatsi na ciki ba.

Suka kuma sa wa kowace na'ura ƙidaya. Duk manhajar da ta kama ta sai ƙidaya ta ƙaru da ɗaya, in ta saki ta ragu, kuma ba a share sunanta sai ƙidaya ta koma sifili. Dalili shi ne wani kuskure da ya daɗe yana kayar da kwamfutoci: a share na'ura daga ƙwaƙwalwa alhali wani na riƙe da adireshinta. Kamar ka aiki yaro da kuɗi gidan wane, ashe wane ya tashi, wani baƙo ya tare a ɗakin, yaro ya miƙa masa ya dawo. Saƙon da kuke gani wani lokaci, cewa ba za a iya cire kile yanzu ba ana amfani da shi, irin wannan lissafi ne ke magana: akwai wanda bai saki ba tukuna.

A wannan shekara ta 2003 wata manhajar mai suna FreeBSD ta fito da nata tsarin, GEOM, wanda Poul-Henning Kamp ɗan ƙasar Denmak ya gina. Shi ya yi tanadin ranar da za a fizge faifai babu sallama. Kalmar da ya zaɓa ta taɓa ni: duk wanda ya dogara da faifan da ya ɓace, sai a sanar da shi cewa ya zama maraya. Shi kuma ya rufe abin da ke hannunsa, ya sanar da na samansa, har labari ya kai ƙololuwa, kowa ya sauka cikin tsari maimakon gidan duka ya rufta.

Amma bishiyar zuri'a ba ta gama bayani ba, kuma mu malamai mun fi kowa sanin dalili. A rajistar makaranta sunan uba ake rubutawa. To amma yaron da ya zo kwaleji daga ƙauye, karatunsa a hannun mai masaukinsa yake. Lokacin da nake koyarwa a yankin Illela na ga yara masu ƙoƙari sun bar aji, uba na nan da ransa, mai masauki ne kawai ya tashi zuwa cirani, kuma babu takardar da ta nuna mana cewa da shi yaron ya dogara. A cikin waya ma haka ne. Gurbin katin ajiya yana da uwa a bishiya, amma wutar da yake ci daga wani ɗan guntu take zuwa wanda ba danginsa ba ne. Sai a siga ta 4.10, a watan Fabrairun 2017, Linux ta sami hanyar rubuta irin wannan alaƙa ta mai bayarwa da mai karɓa, aikin Rafael Wysocki. Da yake wayoyin Android a kan Linux aka gina su, wannan gyara yana cikin aljihun da yawa daga cikinmu.

Shara ita ce mai wuya

Ƙara sabon abu ya fi cire tsoho sauƙi. Tsofaffin tafintocin faifai masu faffaɗar wayar nan sun zauna a cikin Linux shekara da shekaru bayan an sami magajinsu. Kowa ya san sun zama kaya, amma ba a iya taɓa su, saboda akwai tsirarun na'urori, har da tsofaffin Amiga da Atari na shekarun 1980 da 1990, da ba su da wani tafinta sai su. Sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka yi musu sabon masauki, aka yi shelar cewa tsohon zai tafi, aka ba da lokaci, sa'annan a siga ta 5.14, a watan Agustan 2021, Christoph Hellwig ya share dubban layukan rubutu a tashi ɗaya.

Ko gwamnati ba ta tsira ba. Kamfanin Sony ya daina ƙera filofi tun 2011, amma Japan ta ci gaba da neman a kawo mata wasu takardu a kansa, domin dokoki sama da dubu sun ambace shi da suna. Sai a tsakiyar 2024 ministan lamurran zamani Taro Kono ya ba da sanarwar an gama soke su. Shekara 13 ana jan gawa saboda an ɗaura doka a jikinta.

A ɓangaren Windows, a 2019 Microsoft ta sanar cewa daga sigar 1809 ta Windows 10, ma'ajiyar da aka soka daga waje ba za a riƙa tara mata rubutu a masussuka ba, kai tsaye za a riƙa kai shi rumbu. Wasu suka ɗauka an soke sallama ke nan. A'a. Wanda ya fizge ana tsakiyar rubutu, kamar yadda na yi, har yau zai iya yaga rajista.

Abin da ya rage namu

Injiniyoyi sun yi nasu. Wuta kuma an ɗan samu ci gaba: tun watan Nuwambar 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, ta farko irinta a ƙasar nan, takunkumin ma an ɗage shi a ƙarshen Fabrairun 2024. Duk da haka wanda ya zauna a nan ya san kuran ba a yi masa rantsuwa. Ga abin da nake gaya wa abokan aikina da iyayen da ke zuwa wurina.

Na farko, a rufe fayil, a danna alamar cirewa, a jira na'ura ta ba da izini. In wuta na shirin ɗaukewa ana tsakiyar ajiya, fizgewa ba ta ceton komai. A waya kuma, a kashe ta kafin a zare kati.

Na biyu, in na'ura ta ce a wanke kile ko kati, kada a amsa mata da to. A cire shi, kada a ƙara zuba masa komai, a kai wa wanda ya iya. Sau da yawa kayan na nan.

Na uku, abu mai daraja kada ya kwana wuri ɗaya. Takardar haihuwar yaro, sakamakon jarrabawa, muryar mahaifi da ya rasu, hoton takardar gona, a ajiye su a wuri biyu ko uku da ba su dogara da juna ba. Kwafi biyu a cikin waya ɗaya kwafi ɗaya ne, ran da ta faɗa ruwa. Kuma kada a raina takarda. Littafin makin da nake ganin ya tsufa shi ya fid da ni kunya, da tsohuwar zuma ake magani.

Na huɗu ya shafi shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye. Ku zauna ku rubuta wa ya dogara da wa. Wa ke riƙe da kalmar sirrin kwamfutar ofis? A wayar wa jerin sunayen masu jarrabawa yake? In aka yi wa sakatare ko darakta canjin wurin aiki gobe, me zai tafi da shi a aljihu ba da niyya ba? Na san makarantar da ta yi makonni tana neman bayanan ɗalibanta saboda malamin da ke riƙe da su an mayar da shi wata jiha, ya tafi da kilensa. Ba mugunta ya yi ba, ba wanda ya tuna cewa duwatsun rumbun a hannunsa suke. A rajistar aji kuma, kusa da sunan uba, a ƙara gurbi ɗaya na mai masauki da lambarsa. Ni na fara yin haka tun bara, kuma ya riga ya taimake ni na gano wata yarinya da ta daina zuwa kafin abin ya yi nisa.

Ɗalibin nan nawa mai gyaran waya, da na tambaye shi nawa zan biya, ya ƙi karɓar ko dala. Dariya kawai ya yi ya ce, "Mushe, ku ne fa kuka hana mu fita aji ba mu nemi izini ba." Ban sami amsar ba shi ba. Kilen yana nan a jikin makullin babur, na wanke shi yana aiki, sai dai yanzu ba ya ɗauke da abin da babu kwafinsa a wani wuri.

Allah Ya tsare mana amanar da ke hannunmu, Ya yi wa yaranmu albarka. Wanda ya taɓa yin irin asarata, ko yake da wata dabarar ajiya da ta yi masa aiki a makarantarsa, ina sauraronsa.